Wa Zai Ce wa Sela Shigo

Duk wanda ya tashi a garin Yarrandil kuma ya iya iyo, Glenys Bortolin ce ta koya masa, kuma da faɗa ta koya masa. Akwai magidanta a garin, masu gonaki da jikoki, waɗanda har yau idan suka hango ta a shagon burodi sai su gyara tsayuwa, suna jiran ta ce su ɗaga haɓa su buga ƙafa. Ita kuwa ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba. A cewarta, garin da ruwa ke bi ta bayan kowane gida ba garin da za a koyar da iyo da lallami ba ne.

Ubanta ma'aikacin ruwa ne, shi ke buɗe ƙofofin magudanan da ke kai ruwan kogin Murrumbidgee gonakin lemo da inabi da shinkafa. Tun tana ƙarama ta san magudana ba kogi ba ce, ba ta da gaɓar da mutum zai rarrafa ya fita. Gefenta siminti ne mai santsi, ruwan a kwance yake a sama, a ƙasa kuwa ja yake yi. Ta taɓa ganin ubanta ya dawo daga aiki jiƙe har wuya, ya zauna ya kasa cin abinci, kuma ba wanda ya tambaye shi ɗan wa aka tsamo. Da ta gama makaranta ta fara koyar da yara a wurin iyo na gari. Ta auri Renzo mai gonar lemo, ta haifi maza biyu, suka girma suka watse birane, ita tana nan dai cikin ruwa zuwa ƙirji, yatsu a yamutse, gashi ya koɗe da maganin ruwa.

Abokan faɗanta ba sa ƙarewa. Akwai iyayen da ke zama a benci idonsu a kan waya, ɗansu na shan ruwa ba su sani ba. Akwai kwamitin wurin iyo, da ya fi damuwa da fentin bango a kan komai. Akwai kuma Trevor, mai kula da wurin, wanda ke rage zafin ruwa a ɓoye yana zaton jikin mace mai shekara sittin da 'yan kai ba zai gane ba.

Da shekaru suka ja, sai aka riƙa turo mata yaran da sauran malamai suka gaji da su, masu larurar galahanga: wanda ba ya magana, wanda ba ya son a taɓa shi, wanda ƙarar usur ke sa shi ya toshe kunne ya zube ƙasa. Ta je birnin Wagga aka yi mata kwas a kai. Da ta dawo Renzo ya tambaye ta abin da ta koyo, ta ce, "Wai in rage magana." Renzo ya yi ta dariya har ya ƙware da shayi, ta yi fushi da shi ta ƙi dafa abincin dare. Amma ta rage ɗin, a cikin ruwa kawai. Abin da ta haɗiye a gaban yara, a kan manya take sauke shi.

Abin da ta gane game da waɗannan yara shi ne, da yawansu ruwa kiransu yake yi, kuma ba su san tsoronsa ba. Yaro zai sulale daga gida ba ƙara ba motsi, ya nufi inda ruwa ke ƙyalli. Saboda haka darasinta na farko ba iyo ba ne, jira ne. Yaro zai zauna a bakin ruwa, hannu a kan gwiwa, ba zai shiga ba sai babban da ke tsaye a cikin ruwan ya bugi ruwa da tafin hannu ya ce, "Shigo." Idan babu babba a ciki, babu shiga. Iyaye sukan yi gunaguni, wai sun kawo yaro ya koyi iyo ana ta koya masa zama. Glenys takan ce musu ƙofa a buɗe take.

Sela ta zo mata ne a tsakiyar sanyi, wanda a ƙasar yake faɗowa tsakiyar shekara, lokacin da ake ƙafe magudanai don gyara. Yarinya ce 'yar shekara shida, mai ƙarfi, ba ta kallon ido, ba ta magana sai wani guri, ɗan sautin da take yi a maƙogwaro idan abu ya yi mata daɗi. Uwarta Lupe 'yar tsibirin Tonga ce, doguwa, mai sanyin murya, tana aiki a shagon da ake zuba lemo a kwali. Uban direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Gidan da suke haya yana ƙarshen gari, kuma daga shingen bayansa sai babbar magudana.

"Ta haura shingen," in ji Lupe. "Na same ta zaune a cikin magudanar, a ƙasa, tana wasa da laka."

"Kun ƙara wa shingen tsawo?"

"Mun ƙara, Malama. Ta koyi jawo kwandon shara ta taka."

Glenys ta dubi yarinyar, ta tuna cewa watan Agusta za a sako ruwa, ta ce su zo gobe.

Makonnin farko azaba ce. Da an saki hannun Sela sai ta ruga ta faɗa ruwa, Glenys ta tsamo ta, ta zaunar da ita a baki, ta sake faɗawa. Ta ciji Glenys a dantse har wurin ya yi shuɗi. Rannan wani ya kunna na'urar busar da hannu a banɗaki, yarinyar ta kwanta a ƙasa tana ihu har lokacin darasi ya ƙare, Glenys ta je ta tuge wayar na'urar daga bango da hannunta. Trevor ya ce zai kai ƙara kwamiti, ta ce ya gaishe su. Sai wata rana, ba wani dalili da za a nuna, Sela ta zauna, ta ɗora hannu a gwiwa, ta jira. Glenys ta bugi ruwa ta ce, "Shigo," yarinyar ta shigo tana guri. Daga nan ta koyi kwanciya rigingine a kan ruwa, ta koyi juyawa ta kama gefe, ta yi duk wannan da riga da wando da takalmi, domin ba wanda ke faɗawa magudana da kayan iyo. Takalmin ma sai da aka yi rigima da Trevor a kansa.

A nan ne matsalar ta fito. Renzo ya sayar da gonar, gwiwar Glenys ta gama lalacewa, sun yanke shawarar komawa bakin teku kusa da 'yar'uwarta kafin Kirsimeti. Sai ta fara miƙa ɗalibanta ga sauran malamai, kowa ya karɓu in ban da Sela. Wata malama ta shiga ruwa, ta bugi ruwa, ta ce, "Shigo." Sela ko motsi ba ta yi ba. Aka gwada wata, haka. Yarinyar ta ɗauki dokar ta ɗaure ta da mutum ɗaya tak, kuma mutumin nan yana shirin tattara kayansa ya bar gari. Glenys ta san yadda abin zai kasance: yaron da ya yi ta jira ba a taɓa ce masa shigo ba, wata rana zai daina jira.

Wanda ya kamata ya karɓi kalmar ai uwar ce, wadda ke tare da yarinyar kullum. Glenys ta ce wa Lupe ta zo da kayan iyo ranar Talata. Ranar Talata Lupe ta ce ta manta. Mako na gaba ta ce mura take yi. Na gaba kuma daga wurin aiki ta taho, ba ta biya gida ba. Kullum tana benci, jaka a cinya, tana murmushin nan mai sanyi da ke ƙara wa Glenys zafin rai.

"Mace daga tsibiri fa," Glenys ta ce wa Renzo suna naɗe kwanuka a jarida. "A tsakiyar teku aka haife ta. Amma ta jiƙa ƙafarta saboda 'yarta, ya gagara."

"Kin tambaye ta dalili?"

"Wane dalili? Lalaci ne. Duk ɗaya suke, a kawo min yaro in gyara a zo a ɗauka, kamar injin yankan ciyawa."

"To ki rage magana mana, Glen, ai an koya miki."

Ta jefe shi da tsumma.

Aka sako ruwa, magudanai suka cika, lemo ya yi fure. Wata Lahadi da rana dangin Renzo sun zo cin taliyar ban kwana, ana ta musun wanda zai gaji tukunyar miyar uwarsa, wayar Glenys ta yi ƙara. Muryar Lupe ce, ƙasa-ƙasa.

"Malama, ki zo. Tana bakin magudana."

"A ciki ko a baki?"

"A baki. A zaune."

"Kada kowa ya taɓa ta. Kada kowa ya yi ihu."

Ta bar taliya a faranti ta ja mota. Da ta isa ta tarar da matan cocin Lupe tsaitsaye a jikin shinge da fararen kayansu, wata na addu'a a hankali. Daga coci suka dawo, ana sauke abinci daga mota, yarinyar ta ɓace. Ga ta can a kan leɓen siminti, dab da ƙofar ƙarfen da ruwa ke kurɗawa ta ƙarƙashinta yana murɗawa. Tana zaune daram, hannu a kan gwiwa, da rigar cocinta da farin takalmi. Lupe na tsaye nesa da ita kaɗan, ta kasa gaba ta kasa baya. Kowa a wurin ya san idan aka cafki Sela ba zato fizgewa take yi da dukan ƙarfinta, kuma gabanta ba komai sai ruwa.

Sela ta waiwayo ta ga Glenys. Sai ta fara guri, tana kaɗa hannuwa, ta matsa gaba har duga-duganta suka sauka a kan santsin. Nan take Glenys ta gane. Mai cewa shigo ta iso, abin da yarinyar ta gani ke nan, kuma zuwan nata ya fi komai haɗari a wurin. Glenys ta maida hannuwanta baya ta riƙe, ta ja da baya daga ruwan, ba ta ko kalle shi ba. Ta koma mota da ɗingishinta, ta buɗe but, ta ɗauko tsohuwar jakar iyonta da Sela ta sani, ta ɗaga ta sama.

"Ba nan ba," ta ce, da muryar da take amfani da ita a ruwa. "Mota."

Yarinyar ta dubi ruwa, ta dubi jakar. Ta daɗe. Sannan ta janye ƙafafunta, ta miƙe, ta wuce uwarta ba ta kalle ta ba, ta shiga bayan motar Glenys ta ɗaura wa kanta bel.

Matan suka fara godiya ga Allah, wata ta ce a shiga gida a ci abinci. Glenys ta ce ba inda za a shiga. Yarinya ta jira, dole a biya ta da ruwa yanzu-yanzu, in ba haka ba gobe ba za ta ga amfanin jira ba. Ta ce wa Lupe ta shiga gaba. Wurin iyo a rufe yake ranar Lahadi, don haka suka biya gidan Trevor, suka same shi yana gasa nama a bayan gida, ana ƙwallo a rediyo.

"Glenys, yau Lahadi ce."

"Na san ranar. Ɗauko makulli."

"Kwamiti bai—"

"Trevor, na san ka tun kana fitsari a ƙaramin kwamin iyo kana cewa ba kai ba ne. Ɗauko makulli ka biyo mu."

Ya kashe wuta ya biyo su.

Sela ta je ta zauna a wurinta na kullum, hannu a gwiwa. Glenys ta sauya kaya ta fito, amma kafin ta shiga ruwa abin da ta haɗiye tun daga bakin magudana ya taso mata. Ta ja Lupe gefe, ta rage murya don yarinyar, sai dai ko a hakan kalmomin da zafinsu suka fito.

"Kin ga abin da nake faɗa miki? Yau na zo, ranar da ba na gari fa? Na roƙe ki, na roƙe ki, ki shiga ruwan nan ki karɓi kalmar, kullum da sabon uzuri. Mura. Mantuwa. Da ta zame ɗazu me za ki yi, ki tsaya kina murmushi?"

"Da na bi ta," in ji Lupe. "Da mun tafi tare."

"Me kike nufi?"

"Ban iya iyo ba, Malama."

Glenys ta sake ta.

"Teku ya ci ƙanen babana tun ba a haife ni ba. Kakata ta hana mu ko kusa, mu matan gidan. Ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba. In na shigo nan, warin wurin kaɗai sa ni jiri yake yi." Ta sunkuyar da kai. "Kowa cewa yake 'yan tsibiri kamar kifi suke. Ke ma ranar farko haka kika ce, wai Sela ta gado ni. Ta yaya zan ce miki a'a? Kuma ga allon can, ba a shiga da kayan gida. Ni ba zan sa ɗan kamfen nan in tsaya gaban Trevor ba, ko da na iya."

Glenys ta tuna ta faɗi maganar, har da dariya ta faɗe ta. Haushi ya kama ta, na Lupe da ta yi shiru, na kakar da ba ta taɓa gani ba, na allon da kwamiti ya kafa, amma mafi yawa na kanta, da ta yi wata da watanni tana zagin mace a zuci ba ta yi mata tambaya ɗaya ba. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa iyawa ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Cire takalminki."

"Malama?"

"Da kayanki za ki shiga. Nan gefen iya kugu ne, ga ƙarfe ki riƙe."

Trevor ya yi gyaran murya ya nuna allon. Glenys ta kalle shi, ya sauke hannu, ya ce shi dai bai ga komai ba. Ta ce a'a, gani zai yi, ya tsaya a bakin ruwa ya buɗe ido, aikinsa ke nan.

A can Sela ta fara jijjiga jiki gaba da baya, gurin ya koma ƙorafi. Jiran ya yi mata yawa. Lupe ta dubi 'yarta, ta kwance 'yar tabarmar da mutanen Tonga ke ɗaurawa a kugu ranar coci, ta ninke ta da kyau ta ajiye a benci. Ta sauka matakala ɗaya-ɗaya, Glenys na riƙe da gwiwar hannunta, farar rigar ta taso ta kewaye ta. Da ruwa ya kai mata kugu ta ƙanƙame ƙarfen da hannu biyu.

"Saki hannu ɗaya ki bugi ruwa. Kalma ɗaya, kada ki ƙara da lallashi."

Lupe ta taɓa ruwan da yatsu, ta ce, "Shigo," da muryar da ko Trevor bai ji ba. Sela ta dubi Glenys.

"Da ƙarfi. Mari za ki yi masa."

Ta mare shi, ruwa ya fantsama mata a fuska, ta ce, "Shigo." Sela dai Glenys take kallo, idonta a kan hannun da ta saba gani.

Glenys ta gane muddin tana wurin ba abin da zai faru. Ta hau matakala ta fita, Lupe na kiranta da ido, ta wuce ta shiga ɗakin ajiyar kaya ta ja ƙofa. Ta tsaya a cikin igiyoyi da allunan iyo, ruwa na ɗiga daga jikinta, gwiwarta na zugi, tana zagin kowa a zuci. Ta ji Lupe ta faɗi wani abu da yarensu, a hankali. Ta ji marin ruwa, ta ji kalmar. Ta yi ta jira har ta kama mariƙin ƙofa za ta fito. Sai ta ji faɗawar jiki a ruwa, da gurin nan.

Daɗi ya kama ta, kuma ga mamakinta, wani ɗan kishi ya biyo shi. Ta goge fuska da bayan hannu ta fito.

Sela na kwance rigingine a kan ruwa da rigar cocinta, idonta a rufin ɗaki, farin takalmin na leƙowa. Ba ta kalli Glenys ba. Lupe na nan inda aka bar ta, ta maida hannu biyu kan ƙarfe, hawaye da ruwa sun haɗu a fuskarta.

"Ta shigo, Malama."

"Na ji."

"Amma in ta nutse fa? Ni na kira ta, kuma ba abin da zan iya yi mata."

Glenys ta so ta ce kada ta damu, amma ƙarya ce, kuma ba ta saba ba. Ta yi tunanin kwalayen da ke jibge a falonta, da abin da ya rage kafin Kirsimeti, da shingen da kwandon shara. Ta yi tsaki, ta sauko matakalar da gwiwarta mai ciwo, ta tsaya gaban Lupe ta miƙa mata hannuwa biyu.

"Saki ƙarfen."

"Ba zan iya ba."

"Ban tambaye ki ko za ki iya ba. Ɗaya tukuna."

Lupe ta dubi 'yarta da ke yawo a kan ruwa, ta saki hannun hagu, ta damƙe wuyan hannun Glenys har farcenta ya shiga.